Hankakan Bayan Tukuba

Talata, 4 Afrilu 1978

Yau na hura tukuba, karon farko tun da aka binne matata Zakiya. Tsire ya gasu, mutanen unguwar Hindawiyya suka saya suna yi mini gaisuwa, ina amsawa. Garwashi ya ƙona mini yatsa, sai da na ga wurin ya tashi sannan na sani.

Juma'a, 7 Afrilu

Hankakin Jidda ba irin na gida ba ne. Ba farin ƙirji, wuyansu toka-toka. Maƙwabcina Idris ya ce jiragen ruwa suka biyo. Baƙi ne ke nan kamar mu, sai dai su ba mai tambayarsu iƙama, takardar zaman ƙasa. Ina jefa musu jijiya da kitse. Sun san ni. In Idris ne ya jefa, tsayawa suke suna kallonsa a karkace.

Laraba, 12 Afrilu

Mota ta take hankaka ɗaya a bakin titi. Sauran suka jeru kan waya suna ta ihu, can suka yi tsit, can kuma kowa ya tafi neman abincinsa. Haka aka yi mini zaman makoki.

Jaririyar da Zakiya ta bar mini tana wajen Rahamatu matar Idris, ita ke shayar da ita. Sunan uwarta aka sa mata. Ban ɗauke ta ba, ban kira sunan ba. Mata sai yabona suke, wai Saleh akwai kunyar 'yar fari, irin ta mutanen dā. Ba wata kunya. Ba na son ganin fuskar ne, shi ke nan, halas.

Lahadi, 23 Afrilu

Surukata Inna Dela ta ce za ta koma Bor Sudan da yarinyar a jirgin ruwan shida ga wata mai kamawa. Wai dama 'yar fari ta kakanni ce, kuma ta lura ko kallonta ba na yi. Na durƙusa, kaina a ƙasa, kamar yadda ake yi gaban suruka. Ta ɗauki shiruna amsa. Ƙila amsar ce.

Alhamis, 27 Afrilu

Zafi. Ciniki ba laifi. Yaji ya kusa ƙarewa, ba mai daka shi.

Litinin, 1 Mayu

Ɗan hankaka ya faɗo daga dalbejiyar bayan tukuba. Mummuna, duk baki. Na je in ɗaga shi saboda kyanwoyi, sai ga manyan caa a kaina, har hulata suka tuge. Shegu, naman wa kuke ci?

Na koma na zauna. Guda ɗaya ne ke sauka yana ɗura masa abinci, jijiyar da na jefa ce ma. Na jira na biyu, bai zo ba. Idris ya ce ƙila abokin zamansa ne mota ta take. Na tambaye shi wannan ɗin uwa ce ko uba, ya ce wa ya sani, duk baƙaƙe ne.

Alhamis, 4 Mayu

Rahamatu ta zo sayen tsire da yarinyar a baya, ita da ba ta taɓa zuwa tukuba ba. Ta kwance goyon ta ce, "Malam Saleh, riƙe mini ita in gyara zani." Kafin in yi magana tana hannuna.

Ba ta kai cinyar rago nauyi ba. Hannuna duk yaji, ta yi atishawa, ta sake, ta tsuke hanci. Haka uwarta ke yi a bakin turmi.

Zanin ya daɗe bai gyaru ba. Tsire ya ƙone.

Asabar, 6 Mayu

Jirgin ya tashi da Inna bayan la'asar, na ji ƙahonsa daga nan.

Jiya na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Kaya a ɗaure. Na daɗe ina kallon tabarma, sannan na ce, "Inna, a bar mini Zakiya."

Tun makabarta sunan bai fito daga bakina ba. Ta dube ni ta ce, "Ashe kana da baki." Ta kwance ƙullin, ta ware kayan jaririyar gefe guda tana kuka. Ni ban yi ba. Har yanzu ban ji wani abu ba, ina jin.

Ɗan hankakan ya hau katanga da kansa.

Rahamatu ta ce in riƙa wanke hannu kafin in shigo. Na sayi sabulu.