Gaɓoɓin Takwararki Ne Suka Cika Laushi

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, ya Inna da yara? Zauna, yau har da laifinki a labarin!

Ciwon ƙafar da takwararki ke yi in ta dawo makaranta ya tsorata ni, na dai ɓoye muku. Watan jiya likita ta duba ta, ta ce gaɓoɓinta ne suka cika laushi, ba mugun ciwo ba ne, alhamdulillahi! Motsa jiki kawai take buƙata da takalmi mai riƙe ƙafa. Amma ta hana lanƙwasa babban yatsan nan har ya taɓa tsintsiyar hannu, wanda kike sa ta yi a bidiyo kuna shewa. Yau da gudu takwararki ta shigo gida, ba kuka!

Ki duba naki yaran, ki ba ni labari.

Ƙanwarki