Gonar Kan Gangare

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Inna tana gaishe ki. Ƙafar ta yi sauƙi har ta koma faɗa, kin san alamar lafiyarta ke nan.

Ga zanen fensir guda biyar na ba direba ya kawo miki. Ranar Asabar na rufe shago, na bi hanyar bayan gari da ɗan littafina, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Inda ido ya tsaya, nan ƙafa take tsayawa. Na uku ya fi kwanta mini a rai: wata gona ce a kan gangare, da itace guda a samanta, kunyoyin sun zagaye tudun kamar an yi masa ɗamara. Awa biyu na yi a kan dutse, tururuwa suka ci rabonsu a jikina. A gefen takardar na rubuta launuka don kada in manta: ƙasar ja ce a sama, tana ƙara duhu in an gangaro.

Ki nuna wa Manajanku. In ya ga zan iya hotunan kalandar da za ku buga, to madalla. In bai gani ba, rubutun allon talla bai kore ni ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A gaida Inna.

Manaja ya zaɓi na uku. Ka mayar da shi babba, da fenti, ya iso nan ranar Alhamis. In ya yi, hotunan wata goma sha biyun duk naka ne. In bai iso ba, ga mai yi da kwamfuta nan yana sintiri a bakin ofis. Sharaɗi ɗaya: Manaja ya ce layukan gonar da suka gitta suna tare ido. Ka miƙe su daga ƙasa zuwa sama, su ja mai kallo har gindin itacen. Wai haka masu ilimin zane suke yi.

Ni na tsaya maka, har na cika baki na ce ka fi mai kwamfutar. Kada ka watsa mini ƙasa a ido. Kuma don Allah, ban da nawar nan taka.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki zauna kafin ki karanta.

Na yi yadda aka ce, na gama ranar Talata, kuma ba laifi, ya yi kyau. Sai na ga koren itacen bai yi mini ba, na ɗauki hoton na koma wajen don in gwada da idona. Na tarar da mai gonar, wani dattijo, yana gyaran fartanya. Ya leƙo ta kafaɗata, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Samari, gonar wane rago ce wannan?”

Na ce, “Taka ce, Baba.”

Ya ce, “Allah ya sawwaƙe! Ruwan farko zai bi layukan nan ya kwashe ƙasar har rafi. Shekara talatin ina gitta kunyoyi don in tare ruwa, kai ka zo ka kwance mini su da buroshi?”

Da na gaya masa za a rataya shi a gidajen mutane, sai ya ajiye fartanyar. “Wato wata guda cur ana kallo ana cewa mai gonar nan bai san noma ba?” Yana dariya ya faɗa, amma idonsa ba ya dariya. Ya ba ni ruwa na sha, ya zagaya da ni, ya nuna mini inda ƙasa ta zaizaye a gonar maƙwabcinsa, rami har gwiwa.

Yaya, na shafe layukan, na mayar masa da kunyoyinsa. Maganar jan ido kuwa, da na duba littafina sai na ga akwai ’yar hanyar ƙafa da take hawa tana lanƙwasa har gindin itacen. Na zana ta tun ran farko, ban ba ta muhimmanci ba. Ita zan fito da ita. Sai dai fenti ba ya jin lallashi, sai ya bushe. Ranar Asabar zai iso. In an ba mai kwamfuta, ba zan riƙe kowa ba. Ke kaɗai nake jin nauyi.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ko gaisuwa ba ka cancanta ba, amma a gaida Inna.

Dattijon nan shi zai buga kalandar? Yau Alhamis, sau uku Manaja yana leƙowa, ni kuwa ina ta ɓuya a bayan injin kamar mara gaskiya. Na roƙa maka zuwa Asabar da azahar. Daga nan bakina ya mutu.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga hoton nan, na naɗe shi da kwali biyu. Kada a jingina shi kusa da taga, gefen dama bai gama bushewa ba, ƙura za ta manne masa. Dattijo ya gani, ya ce yanzu ko ruwan kwana uku aka yi a hoton, ba abin da zai same shi.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ya iso lafiya.

Manaja ya tsaya a kansa, ya sa yatsa ya bi ’yar hanyar nan har gindin itacen, sannan ya ce, “Ba abin da na ce ke nan ba.” Ya sake bi. Daga nan ya tambaya ko hoton wata na biyu zai samu kafin ƙarshen mako mai zuwa.

Ya ce in gaya maka, daga yau kada ka ƙara nuna wa masu gona kafin ka aiko. Na isar da saƙo. Ni dai ka nuna musu, amma ka riƙa zuwa tun ranar Litinin.

Yayarka