Kantar da Na Bar wa Tukwanenki

Ya Raki, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randa ga mai buɗa baki!

Ina rubuto miki daga cikin jirgin ruwan nan da kika yi wa dariya ranar da muka tsaya a bakin kanal, haƙaƙƙiyar hanyar ruwan nan ta Salford, kika ce kamar burodi aka yi wa fenti. Tun da hukumar gari ta rufe cibiyar matasan da nake aiki a Moss Side, na bar fulat ɗin da nake zaune, jirgin nan ne gidana. Nan kuma nake roƙon Allah ya zama naki.

Makon nan kicin nake shiryawa, mamaki ya ishe ni. Turawan da ke maƙwabtaka da ni abincin gwangwani suke tarawa. Ni kuwa na kwance ƙullina: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kilishi, yaji. Wai wa ya koya wa kakanninmu, da ba su taɓa ganin teku ba, guzurin matuƙan jirgi? Har turmi na saya, kaico! Ina fara daka jirgi ya kama rawa, agwagi suka watse, tsohuwar da ke jirgin bayana ta leƙo tana tambaya ko inji ne ya lalace. Yanzu turmi ya zama kujera.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni, farin watana. Kin ce Gwaggo Hajo ta rantse ba za ta kai ki gidan da ba a yi jere ba, ke kuma ba za ki saɓa mata ba. Gaskiyarki! To yaya ake jere a ɗakin da ke lilo? An taɓa yi wa wata amarya a kan ruwa? Ina tsoro, Raki, ba zan ɓoye miki ba. Na kwashe tukwanena daga kantar da ta fi kyau, ta gefen taga, na kafa mata katako a baki don kada ko murfi ya zame. Ga ta nan wayam, ni da ita muna jiranki.

Jibi zan kama hanyar Birmingham da jirgin, tafiyar hawainiya. In na iso, ki taso Gwaggo daga unguwar Sparkhill ta gani da idonta. Ki zo da babbar tukunyarki. In tukunyar ta ƙi shiga ƙofa, wallahi ƙofar zan fasa, tukunya ba za ta koma ba.

Naki har kanal ta ƙafe,
Gidaɗo