Murhu Goma Sha Tara

Litinin, 3 ga Maris

Gwiwar maigida da sauƙi, yau har ya sauka ƙasa da kansa. Ni hawan jinin nan yana lafawa in ban yi tunani ba. Ƙaramar 'yar mai ɗinki ta ƙofa ta bakwai tana tari, kwana huɗu ke nan. 'Yata Auta ta ce ita lafiyarta lau, ni dai gajiya nake ji a muryarta.

Malamarmu ta ajin manya ta ce mu riƙa rubuta abin da ya faru, hannu ya saba. Sai da na shekara hamsin da uku na iya rubuta sunana, to bari in rama.

An liƙa takarda a ƙofar shigowa. Da kaina na karanta, sau uku. Za a rushe gininmu, a ba kowane iyali wurin zama a sabon gini. Ranar ashirin ga wata hukumar gidaje za ta zauna a kanmu.

Laraba, 5 ga Maris

Auta ta zo cin abincin rana. Har yau ban iya faɗa wa mutane aikinta. 'Yar jarida ce, amma ba a ganinta a talabijin, ba a jinta a rediyo. Tana gaban kwamfuta tana jera lambobi: gidajen haya nawa, baƙi nawa suka shigo ƙasar, nawa aka kora daga ɗakunansu. Matan baranda suna ce mata Malama Ƙidaya. Na sake yi mata maganar aikin koyarwa, don masu gine-gine ba sa son a ƙirga musu kaya. Ta ce, "Umma, kin fara."

Ta nuna min gininmu a kwamfutarta. Ƙofa goma sha biyu, iyali goma sha biyu. Na yi dariya na ce in ji wa? Ta ce rajistar hukuma. Na ce to hukuma ba ta taɓa shaƙar hayaƙin barandarmu ba. Bayan ƙofa ta bakwai kaɗai iyali uku ne, labule ya raba su. In kina son sanin iyali, murhu za ki ƙirga, kowace mace da nata.

Ta ajiye cokali. Ta ce in rajista ta ce sha biyu, ɗaki sha biyu za a bayar, sauran sai titi. Mai ɗinki na fara tunawa. Tana bayan labule na uku, ita da 'ya'yanta biyu.

Alhamis, 6 ga Maris

Bakina. Me ya kai ni?

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta kira. Editansu ya ce maganar uwa ba hujja ba ce, sai an bi ƙofa-ƙofa. Ta gwada jiya ina aji, da katin aikinta a wuya, kowa ya ce mata masu ɗakin ba sa nan. Rabin mutanen ginin nan daga wasu ƙasashe suka zo, in suka ga kati da biro sai tsoro ya kama su. Ta ce, "Ke ba wanda zai rufe wa ƙofa, Umma."

Maigida ya ce, "Ke da kike ɓuya in mai karanta mitar wuta ya zo?" Don ya faɗi haka na ce zan yi.

Lahadi, 9 ga Maris

Ƙofa huɗu na yi. Na rubuta sunan kowa, da na 'ya'yansa, da ƙasar da ya fito. Ban taɓa yin rubutu mai kyau irin na yau ba, layi a miƙe, ba gogewa ko ɗaya.

Litinin, 10 ga Maris

Na yi ɓarna.

Na shiga wurin mai ɗinki da littafina, na rubuta sunanta da ƙasarsu tun kafin ta yi magana, don na san su. Ta leƙa ta gani, ƙafarta ta tsaya a kan keke. Ashe takardar zamanta ta ƙare, ta nemi sabuwa wata biyar ba amsa. Ta ce, "Iya, ni uwa na ɗauke ki." Ta ja labule.

Na kira Auta. Ta ce laifinta ne da ba ta gaya min ba. Su a aikinsu ba a rubuta suna a irin wannan ƙidaya, don littafi yana iya faɗuwa a hannun da bai kamata ba. Lambar ƙofa, murhu nawa, manya nawa, yara nawa, shi ke nan. Na ce to mutum ya zama lamba ke nan? Ta ce, "Lambar ce mayafinsa, Umma."

Talata, 11 ga Maris

Na yage shafukan nan biyar, na hau wurin mai ɗinki. Tana dafa wa yarinya ruwan zafi. Na nuna mata su ɗaya-ɗaya, na sa a wutar murhunta. Rubutuna mafi kyau, ko malama ba ta gani ba. Da suka ƙone, na sauko.

Sauran ƙofofi huɗun ma na koma na faɗa musu na ƙona.

Laraba, 12 ga Maris

Ita ta sauko da kanta, wai aron almakashi. Mai ɗinki da aron almakashi. Da za ta fita ta ce, "Rubuta. Murhu ɗaya, babba ɗaya, yara biyu. In kina so ki sa har da keken, shi ya fi mu ci, kullum sai mai."

Tarin yarinyar ya ragu.

Juma'a, 14 ga Maris

Na gama, ashirin na samu. Auta ta zo, ta ce ƙa'idarsu sai mutum na biyu ya sake bi. Na ɗan ji haushi. Ta cire katin ta sa a jaka, muka zaga tare, ni gaba ita baya tana gaida mutane kamar yadda na koya mata. A ƙofa ta uku ta kama ni: tsohon wanzami murhu biyu gare shi, ɗaya na shayinsa ne da ba ya bari jikokinsa su taɓa. Na ƙirga shi iyali biyu. Ya ce, "Da kin bar shi haka, 'yar nan, a ba butar shayina ɗakinta."

Goma sha tara. Ta ce gara sha tara na gaskiya, don in aka kama kuskure ɗaya za a watsar da duka.

Talata, 18 ga Maris

Rahoton Auta ya fito. Ta turo min a waya. Zanen ƙofofi sha biyu, a ƙarƙashinsu 'yan tukwane sha tara. Na karanta duka, ya ɗauke ni har la'asar. Can ƙasa an rubuta cewa wata mazauniyar ginin ce ta taimaka da ƙidaya. Maigida ya sa na karanta masa layin sau biyu.

Mai kula da gini bai amsa gaisuwata ba yau. Na sha maganina da wuri.

Alhamis, 20 ga Maris

Mun je zaman. Ɗaki mai kujerun roba da fankar da ba ta juyawa. Wata mata a teburin gaba tana riƙe da zanen tukwanen nan, an buga shi a takarda. Ba su yi alkawarin ɗaki ba tukuna. Sun ɗage rushewar, sun ce za a sake ƙidaya iyali-iyali, kuma wanda ya nemi sabuwar takardar zama yana jira, shi ma a sa shi. Mai ɗinki ta matse min hannu har zobena ya shige min yatsa.

Auta tana baya tana rubutu, ko kallona ba ta yi ba. Ta rame, amma ta san abin da take yi.

Lahadi, 23 ga Maris

Mata biyu daga ginin bayanmu sun zo. Su ma an liƙa musu takarda, ƙofa goma sha shida, kuma sun ce murhunsu ya fi ƙarfin haka. Na ce musu ni ba 'yar jarida ba ce, ga hawan jini. Da suka tafi na ja layuka huɗu a sabon shafi, don kawai hannu ya saba.

Ga abin da na tura wa Auta, na kwafe shi a nan:

"Ba wai ina so ba ne. Matan baya ne suka matsa. In editanku yana buƙata, ki tambaye shi ko in fara daga sama ko daga ƙasa, kuma wace rana za ki zo mu sake bi. Ki ci abinci. Ki ba ni amsa kafin Laraba, don na ce musu su jira ni da hantsi."