Babin Ƙarshe na Farfesa Me-ya-sa

Cikin alhini, amma da zukata cike da godiya ga Allah da Ya ara mana ita tsawon wannan lokaci, Ƙungiyar Ma'aikatan Masana'antun Ɗinkin Tufafi ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma abokiyar gwagwarmayarmu, Farfesa a fannin nazarin zamantakewar al'umma, tsohuwar Shugabar Sashe a jami'a, mamba ta girmamawa a wannan ƙungiya, wadda duk wanda ya taɓa zama gaban keken ɗinki a cikinmu ya fi sani da Me-ya-sa. A madadin Mai Girma Shugaba, Kwamitin Zartarwa da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, 'yarta Likita, ƙannenta da ɗalibanta. Mun ɗan jinkirta wannan takarda ne domin ta zo tare da amsar da iyalai ke jira game da littafinta na ƙarshe, wanda ba zai fito ba sai da yardarmu.

Shekara talatin da uku ke nan da Marigayiya ta fara zuwa ƙofar masana'antarmu, muna tsaka da yajin aiki, riƙe da littafin rubutu da 'yar rikoda. Mu kuwa, da yake a lokacin ko inuwarmu ba mu yarda da ita ba, muka yanke cewa 'yar leƙen asirin manaja ce, muka bar ta a kan benci kwana uku ba wanda ya ce mata ci kanki. Da aka koma aiki sai ta roƙi a koya mata ɗinki, ta ɗinke bakin aljihun wando goma sha biyu ruf kafin a ankara. Ranar muka sakankance cewa manajan da ke lissafa har guntun zare ba zai taɓa aiko mana da irin wannan ɓarna ba. Wata uku ta ce za ta yi. Tambayar da ta samo mata laƙabi ce ta hana ta tafiya, domin duk amsar da ka ba ta, wata "me ya sa?" na nan tana jiranka.

Jami'a za ta lissafa digirorinta da ɗaliban da ta yaye, kuma ta fi mu cancantar yin haka. Abin da muka sani shi ne ta ƙarar da rayuwarta wajen nazarin yadda talakawa ke haɗa kai su nemi haƙƙinsu, da yadda kasuwancin duniya ya ɗaure mutanen da ba su taɓa ganin juna ba da igiya ɗaya. Ta bi sawun riga guda, daga gonar auduga zuwa marina, zuwa tashar jiragen ruwa, har ta isa wata masana'anta a ƙetare mai ɗinka wa kamfani ɗaya da mu irin rigarmu sak. Can ta tarar ana tsorata ma'aikatan wurin da mu, ana cewa in sun yi gardama za a kawo mana aikinsu, daidai lokacin da mu ma ake tsorata mu da su. Ita ta ɗauko mana wasiƙarsu ta farko a jakarta, kuma dariyar da aka yi a zaurenmu ranar da aka karanta ta har yanzu ana ba da labarinta.

Ƙa'idarta ɗaya ce, ba ta taɓa karya ta ba: ba ta kai shafi maɗaba'a sai ta karanta shi a gaban waɗanda ta rubuta a kansu. Takan ajiye jan biro a kan teburi, duk wanda aka ambata yana da ikon soke abin da ya shafe shi, ba sai ya ba da dalili ba. Masu buga littattafanta sun sha cizon yatsa, amma haka ta fitar da littafi shida.

Na bakwai ne rashin lafiya ya hana ta karanta mana babinsa na ƙarshe, mai magana a kan yajin aikin da muka sha kaye a cikinsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ranar Asabar 'yarta Likita ta zo da babin da jan biron, ta ce mahaifiyarta ta bar wasiyya cewa ko mutum ɗaya ya soke, a cire babin gaba ɗaya, in kuwa aka cire shi littafin bai da amfani. Zaure ya cika maƙil, Likita ta fara karantawa. An yi kuka kaɗan, an yi dariya da yawa. Baba Almakashi, dattijon sashen yanka, ya miƙe da aka zo inda Marigayiya ta ce barci ya kwashe shi yana gadin ƙofa, ya ce: "'Yata, ba na soke komai, amma ki rubuta cewa idona na hutar, kunnena na bakin aiki." Aka rubuta.

Sai aka zo shafi na ɗari biyu da sha biyu. A nan Marigayiya ta rubuta cewa sakataren ƙungiya na wancan lokaci ya shiga ofishin manaja, aka ba shi kujera mai laushi, aka kira shi ranka ya daɗe, ya sa hannu a yarjejeniya cikin minti goma ba tare da ya koma bakin ƙofa ya tambayi jama'arsa ba, kuma wannan sa hannu ne ya raba mutum sittin da aikinsu. Wannan sakatare ni ne. Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa mutane cewa tilasta mini aka yi, har ni kaina na fara yarda. Likita ta turo mini biron, kuma ba zan ɓoye ba, na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na karɓa, na yi gyara ɗaya tak, domin Farfesa ta yi mini kara: ba minti goma ba ne, minti biyar ne.

Don haka, da murya ɗaya da farin ciki, wannan ƙungiya na sanar da iyalai cewa a buga littafin, babi da babi, ba a cire komai ba. Muna roƙon Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba maigidanta da 'yarta haƙuri da juriyar wannan rashi, mu kuma Ya ba mu ikon amsa gaskiya tun mai tambaya tana raye.

Sa hannu:
Dogon Zare,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Tsohon Sakataren Ƙungiya, na shafi na ɗari biyu da sha biyu.