Ni Za Ki Faɗa Wa

Daren Talata, Bunkure

Yau na fitar da babban ɗana daga ɗakin likita, kuma ban yi nadama ba.

Wata uku ke nan muna zaryar asibiti a Kano. Kullum in likita ta gama duba ni, sai ya ja ta gefe su yi ƙus-ƙus da Turanci, ya dawo ya ce, "Baba, olsa ce." Wace irin olsa ce ta hana wando zama a ƙuguna? Ni da nake gane tumatir mai ciwo tun daga launin ganye.

Da ya fita na ce, "Likita, an kusa sako ruwan noman rani. In shuka ne, ko in ba da aron gonar? Ni za ki faɗa wa, cikin nawa ne."

Ta ajiye biro, ta juyo da kujerarta. Ta ce ciwon daji ne a hanji, ta zana min wurin a takarda. Ta ce za a riƙa yi min allurai, kowace za ta kwantar da ni kwanaki, amma a tsakani zan iya zagaya gona. Ba ta yi min alƙawarin komai ba. Wallahi sai na ji numfashina ya daidaita.

A mota ɗan nawa yana ta share ido. Na san tausayi ne. Amma ai ba a yi min sutura ba tukuna.

Gobe zan je Kadawa sayen iri. Takardar likita kuwa tana aljihuna, ba nasa ba.