Kan Gunki a Cikin Finjali

Zuwa ga ƙanena Mansur,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, saƙon da ya wuce layi uku ba ka karanta shi sai in da hoto a ciki. Kuma ina zan aika ta? A maƙabartar Baƙi'a ba a rubuta suna a kan kabari, mu mata kuma iyakarmu bakin katanga. Yasir ɗan Goggo ya nuna min wani ɓangare da yatsa ta tsakanin ƙarafa, ya ce wajen can ne. Tun ranar nake yi wa wajen can sallama. Amma akwai labarin da ya cika min ciki, kuma kai kaɗai ne za ka yi masa dariya yadda ya kamata.

Gida lafiya. Unguwarmu Ƙurban tana nan yadda ka bar ta, sai dai an sake haƙe titin gaban shagon da muke sayen burodi. Motarka tana hannun Yasir, yana kai alhazai ziyara, Ƙuba da Uhudu da Ƙiblatain, amma ba shi da bakinka. Wayarka tana wurina. Har yanzu alhazan Najeriya suna bugowa, suna neman direban nan mai Hausa irin ta kakanninsu. In na faɗa musu sai su yi salati, su yi ta yi maka addu'a har sai na rasa abin cewa. Ɗiyata Lujain ta shiga jami'a, kuma ba ta canza ba, in yi mata Hausa ta amsa min da Larabci.

Maganar Inna ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ka san al'adarta ta bayan La'asar. Ta idar da salla, ta miƙe ƙafafu a kan darduma, ta shiga kiran mamatanmu ɗaya bayan ɗaya tana nema musu gafara. Kaka Hajjo da ta tako da ƙafa tun daga ƙasar Katsina, da mijinta da ya rasu a hanya aka binne shi a Sudan, da Baba, har ungozomar da ta karɓi haihuwarka. Kai ne kake tsokanarta, kana cewa shayi yana hucewa kafin ta iso kan Baba. Bayan rasuwarka sunanka ya shiga layin, yana biye da na Baba. Nakan tsaya a ƙofar kicin don kawai in ji shi.

Sai wata rana ban ji ba. Ta zo kan Baba, ta yi shiru, ta tsallaka kan ungozoma. Washegari ma haka. Na ce a raina zafin rashi ne, bakinta ne ba ya iya furta sunan. Amma ta rage cin abinci, ta kulle ɗakinka ta ɗaure makullin a bakin zane, ranar Juma'a kuma in na ce mu je bakin katangar Baƙi'a sai ta ce gwiwa. Maƙwabta suka ce in ƙyale ta, lokaci zai yi magani. Na ƙyale ta makonni, ina kallo tana ramewa.

Da abin ya ishe ni, sai na zauna a gefenta bayan La'asar. Da ta zo kan Baba ta yi shirun nan, ni na faɗi sunanka da ƙarfi. Mansur, ta damƙe min wuyan hannu har sai da ya yi shaida. Ta ce kar in sake. Ta ja ni ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta zaro wata baƙar leda daga ƙarƙashin gado. Ta kwance ƙulli bayan ƙulli. Ka san wa ya fito? Mutuminka. Gunkin yaƙin nan na Girkawa, na cikin mujallun zanenka, mai hular ƙarfe da ƙaho da jajayen idanu, yana riƙe da mashi. Abin roba da bai fi taƙi ɗaya ba.

Ka tuna fa Inna ta yi shekaru ba ta hau saman bene ba saboda gwiwarta, ba ta san yadda ɗakinka yake ba. Ta daure ta hau ne ita kaɗai don ta kwaso tufafinka a ba da sadaka. Ta tarar da dardumarka a shimfiɗe yadda ka bar ta ranar da aka ɗauke ka zuwa asibiti. A gaban dardumar akwai wata kanta ta ajiye kaya a jikin bango. A kan kantar wannan halitta tana tsaye, damanta kaskon turare da tokarsa, hagunta finjalin gahawa. Ta sauko da kwalinsa, ta nuna wa Lujain kamar ba komai, ta ce ta karanta mata abin da aka rubuta. Yarinya ta duba, ta faɗa mata da Larabci cewa ilahun yaƙi ne, ta mayar da kai kan wayarta. Inna ba ta iya karatu ba, amma kalmar ilahu ba ta buƙatar tafinta a wurinta. Kullum da ita take buɗe baki, da ita take rufewa.

Kaka Hajjo ta sha ba ta labarin gidajen can ƙasar da ake keɓe ɗaki, a ajiye wani abu a ciki, a yi masa turare, a ɗora masa ƙwarya. A Harami kuma ta ji malamai suna cewa ba a nema wa wanda ya mutu yana shirka gafara. Ta haɗa wannan da wancan, ta yanke hukunci ita kaɗai. Ba ta tambayi malami ba, don tambayar tonon asirinka ce. Ba ta faɗa min ba, don kada in tsane ka. Ta zauna da abin a ciki, tana ganin ɗanta ya tafi inda addu'arta ba ta da izinin binsa. Ta ce min duk ranar da ta tsallake sunanka ji take kamar ta sake binne ka.

Na yi dariya, Allah Ya yafe min, dariyar ta juye kuka. Bari kuma in faɗa maka gaskiya. Da ta jera min abubuwan yadda ta gan su, darduma da turare da finjali, ni ma sai da gabana ya faɗi, ni da na san komai. Sannan haushinka ya kama ni. Kai da kake tsayawa a Ƙiblatain kullum kana yi wa alhazai bayanin yadda aka juya alƙibla, duk bangon ɗakinka ba ka ga inda za ka kafa kanta ba sai na alƙibla? Na sani, shi kaɗai ne ba taga, kuma lokacin a masallaci kake duk sallolinka. Amma da wankin ƙoda ya karya ka, ka koma salla a ɗaki, ban yi maka magana ba? Ka ce ka tambayi wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya da kake rage wa hanya, ya ce maka sura, wato siffar abu mai rai, in ba ta da kai ba ta zama sura ba, amma abin da ya fi shi ne ka fitar da ita gaba ɗaya. Ka ɗauki rabin fatawar, ka bar masa rabin.

Na ɗauki gunkin a gaban Inna, na murɗe kan, ya fita fit ba gardama. Na nuna mata wuyan, ya goge har yana sheƙi saboda yawan cirewa. Na karɓi makullin ɗakinka, na hau na sauko da finjalin, na nuna mata ɓurɓushin jan fenti a gindinsa. Na ce mata nan kake jefa kan kafin kowace salla, in ka sallame ka mayar, na kuma faɗa mata fatawar ɗan Zariya. Turaren kuma don warin magani ne, ba ka son baƙi su shigo su ji ɗakin yana warin asibiti. Ta saurare ni tsaf. Sannan ta tambaye ni me ya sa kake mayar da kan, me ya sa kuma aka rubuta ilahu. Ka san Inna, ba a sayen ta da rabin magana.

Sai na koma sama na kinkimo kwalin mujallunka. Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk shekarun da nake maka gori, ƙato da gemu yana karatun yara, in ka fita aiki nakan hau in karanta su. Na san su kamar yadda ka san su, har da waɗanda ka ɓoye a ƙarƙashin katifa don kada ɗaurinsu ya lalace. Don haka ban sha wahalar zaɓo waɗanda mutumin yake ciki ba.

Washegari muka zauna a falo bayan Azahar, na ɗora mata ta farko a cinya, ta ƙi taɓawa sai da bakin mayafi. Na fara fassara mata da Hausa. Ga shi nan yana zuga mutane su yi faɗa, don da rigima yake ƙoshi. Ga shi yana cika baki, yana cewa duniya tasa ce. Inna tana ta a'uziyya. Na juya shafi, sai ga ɗaya daga jaruman nan masu tashi sama ya narka masa naushi, ya ratsa bango ya faɗa cikin kwandon shara. Ta matso da takardar kusa da ido. Ta ce in juya. A ta biyu an ɗaure shi da sarƙa kamar ragon layya. A ta uku an ruguza masa bene a ka. Kafin mu kai ta huɗu ta saki mayafin, ta karɓe mujallar, tana lasar yatsa tana juyawa da kanta, ba ta ma jiran fassarata. Duk wadda ta ɗauka sai ta tambaye ni ko a nan ya ci nasara, in ce mata a'a.

Ka tuna wadda aka ɗaga motar haya sukutum aka maka masa? Nan Inna ta fashe. Rabon da in ji dariyarta tun kana asibiti. Ta yi dariya har da tari, tana nuna motar, tana cewa ashe shi ya sa direba yake son labarin. Ta ce wannan ai dodon tatsuniya ne, irin wanda ake kawowa don a ci masa mutunci a ƙarshe yara su yi barci. Ta ce ko waɗanda suka zana shi don duka suka zana shi, wane mai hankali zai yi wa abin da ke kwana a shara sujada? Sannan ta rungume mujallar a ƙirji ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da kai. Na bar ta ta yi ya ishe ta.

Abu ɗaya ta tambaya da ban iya amsawa ba. Me ya sa mugun ka saya, ba jarumin ba? Ban sani ba, Mansur. Ban taɓa tambayarka ba, gori ya hana ni. Ina dai tuna yadda kake dawowa daga wankin ƙoda ko hannu ba ka iya ɗagawa, amma in an kira salla sai ka miƙa yatsu biyu ka tsinke masa kai kana murmushi. Ko daɗin haka kake ji, a samu wani abu ɗaya da kake kayarwa kullum? Da na tambaye ka.

Muna nan aka kira La'asar daga masallacin Ƙuba. Ta yi alwala, ta yi salla, ta miƙe ƙafafu. Na koma ƙofar kicin, wurin tsayuwata. Kaka Hajjo. Mijinta na Sudan. Baba. Sai ta ce Mansur. Na jingina da bango na zame har ƙasa. Wani nauyi da ban san ina ɗauke da shi ba ya sauka daga kafaɗata, ranar kuma ta ci tuwo har da ƙari.

Kan gunkin da hannunta ta kai shi babban kwandon shara na bakin titi, ta ce can ya saba kwana. Gangar jikin ta ce ba laifi tunda malaminka ɗan Zariya ya ce ba sura ba ce. Yanzu yana bakin ƙofa, makullan gida muke ratayewa a mashinsa. Kantar kuma Yasir ya cire ta daga bangon alƙibla. Mujallun suna ɗakin Inna. Wai ajiya take yi, amma shekaranjiya na same ta da tabarau tana neman wadda ake maka masa mota.

Jibi in Allah Ya yarda Yasir zai kai mu Bi'ir Ali a motarka, mu ɗauki harami. Inna za ta yi maka umra. Na ce gwiwa fa? Ta ce akwai keken guragu, kuma ni ce mai turawa. Tun jiya take maimaita niyyar, tana sa Lujain ta gyara mata Larabcin, don kada ta yi kuskure a inda za ta faɗi sunanka.

Abin da ya rage in faɗa maka shi ne, yanzu ba sau ɗaya take kiranka ba. Ta ce kwanakin da ta tsallake ka sai ta rama su, kamar yadda ake ramuwar azumi, kuma ba ta san yawansu ba, don haka ba ranar gamawa. In ta zo kanka sai ta tsaya, ta yi ta maimaitawa, Mansur, Mansur, Allah Ka gafarta wa Mansur. Ungozoma tana jira a bayanka. Shayi yana hucewa ya yi sanyi ƙalau, ni kuma ban taɓa cewa ta yi sauri ba.

Ka huta lafiya, ƙanena. Allah Ya haɗa mu a inda ba ciwo.

Yayarka mai yi maka gori,
Safiya